Jar Motar Dogo da Gwiwoyin Goggo

Duk wadda ta ga hotona jingine da jar motar nan ta turo min "Allah ya sa mu a danshinku," to ta gyara zama ta ji yadda aka yi. Wallahi a hoton nan ba murmushi nake yi ba. Ƙafata ce ta mutu murus, na cije baki don kada in yi ihu a ƙofar asibitin mutane.

Ni ce autar gidanmu, kuma Auta kowa ke kirana, har a shagon tabarau inda nake aikin gwajin ido. A shagon na haɗu da Dogo. Ya zo ne a gyara masa hannun tabarau, ya buga goshinsa a saman ƙofa wajen shigowa, ya sake bugawa wajen fita, daga nan kuma tabaraun nasa ya riƙa lalacewa duk mako. Zanen gine-gine yake yi, mutum ne mai sanyin magana, in yana dariya sai ya rufe baki da hannu kamar yaro. Aibinsa ɗaya a wurin Mama: motarsa. Ja ce wur, ƙofa biyu, a kwance take da ƙasa kamar ƙadangare, in ya tayar da ita tagogin falonmu har rawa suke yi.

"Mutumin da ya sayi mota mai ƙofa biyu bai shirya ajiye iyali ba," in ji Mama. "'Ya'yan a ina zai sa su? A aljihu?"

Ita nata ɗan takarar Akanta ne, ɗan ƙawarta, mai motar nan ruwan toka mai ƙofa huɗu da kwalin tishu a baya, wanda in yana tuƙi masu keke ke wuce shi suna waiwaye. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Kawai dai in ya zo hira ni nake fara hamma kafin ya gama gaisuwa. Baba kuwa ba ya shiga maganar, duk wanda ya taɓo shi sai ya ce, "Sai abin da Goggonku ta gani." Goggo yayarsa ce, ita ta raine shi, har yau in ta yi gyaran murya yana sauke ƙafarsa daga kan kujera.

To ana cikin haka wani babban asibitin ido da ke wani gari mai nisa ya kira ni intabiyu. Aikin da na daɗe ina mafarkinsa ke nan. Da farko sun ce mako mai zuwa, sai ga saƙo da la'asar ina cikin wanke-wanke: an dawo da shi gobe bayan azahar. Kumfa a hannuna na fito tsakar gida ina kiran Yaya, babban wana. Motar Yaya tana wurin bakanike, an sauke mata inji. Bas ɗin safe kuma ba ta isa garin sai rana ta faɗi.

Mama ta ɗauki waya da ƙarfin gwiwa ta kira Akanta, har da sa shi a sifika don in ji da kunnena. Ya gaishe ta tsaf, ya tambayi Baba, ya tambayi jikin kowa, sannan ya ce aikin ƙarshen wata ya riƙe shi a ofis. Da ya tsaya nan da shi ke nan. Sai ya ƙara da cewa, "Amma Mama, wai dole ne Auta ta yi aikin nan? Ai nisan ya yi yawa."

Mama ta cire sifikar da sauri. Ni kuma na shige ɗaki na rufo ƙofa na rubuta wa Dogo.

"An dawo da intabiyu gobe. Babu mota."

Ko numfashi ban sauke ba amsa ta shigo. "Akwai mota."

"Waccan abar?"

"Ki daina ce mata abar, tana ji. Ina ƙofarku bayan asuba."

"Mama ba za ta yarda ba."

"Ki ce ta haɗo ki da duk wanda ta ga dama. Akwai kujera a baya."

Jama'a, ku riƙe kalmar nan, kujera. Za mu dawo kanta yanzun nan.

Mama ta ce babu inda zan je ni kaɗai da shi, ko da asibitin nasu na zinariya ne. Goggo, wadda ta zo mana kwana biyu tana zaune tana shafa man zafi a gwiwa, ta ɗago kai. "Ni zan bi su. Dama na kwana biyu ban ga jikokina na can ba. In ga yaron kuma da idona, na gaji da jin sa a bakinku." Na san wannan tafiya intabiyu biyu ce, tawa da ta Dogo, kuma shi bai ma san an sa sunansa ba.

Da safe na fito cikin doguwar rigata ruwan madara wadda na goge har sau biyu, mayafi ruwan zuma, takalmi mai ɗan tudu, takarduna a jakar fata. Na yi kyau, ba sai an faɗa min ba. Dogo yana tsaye jikin motar da farar riga, yana ta goge abin da babu a jikin gilashi. Sai ga Yaya ya fito da kayan Goggo: akwati, jakar tsaraba, filo, fulas ɗin shayi, da wata darduma a naɗe da ta saya wa 'yarta.

Dogo ya buɗe but. Muka leƙa duka. Yaya ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Akwatin kaɗai ya shiga, shi ma sai da aka juya shi aka danna.

"Sauran fa?" in ji Goggo.

"Sai dai Auta ta riƙe, Goggo."

Ya kwantar da kujerar gaba ya nuna min bayan. Abin da ya kira kujera, wallahi in aka zaunar da kyanwa sai ta yi ƙorafi. Na tattare rigata na shiga da kai, na juyo, na zauna a karkace, gwiwoyina suna gaisawa da haɓata. Aka ɗora min jakar tsaraba a cinya, filo a gefe, darduma ta ratsa ta kafaɗata har gilashin baya.

Shigar Goggo kuwa sai da maƙwabta suka leƙo. Ta tsaya ta ƙare wa kujerar kallo daga sama. "Ɗan nan, wannan mota ce ko bahon wanka?" Ta juya baya, Yaya ya riƙe hannu ɗaya, Dogo ya riƙe ɗaya, tana salati suna sauke ta a hankali kamar ana zura guga a rijiya. Da ta isa ƙasa ta ce, "To, na shiga. Fitar kuma sai Allah." Mama tana bakin ƙofa hannu a ƙugu. Dogo ya durƙusa ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice tana kallon tayoyin, ta ce, "A dai yi a hankali."

Gaskiya ɗaya zan faɗa, don ba na son zalunci ko a kan mota. Da muka bar gari muka hau babban titi mai sabuwar kwalta, motar nan ta zama wata aba daban. Ƙarar da ke damun Mama ta koma wani gurnani mai taushi a ƙarƙashin kujera. Ba girgiza, ba tangaɗi, kwana in ta zo sai ka ji motar ta lafe ta bi ta kamar ruwa a kwata. Bishiyoyi suna wucewa, sanyin esi yana ratsa ni, ƙamshin fatar kujera da turarensa sun cika ko'ina. Dogo ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ba ya wuce ƙa'ida ko kaɗan, ya zama salihin direba saboda Goggo.

Can Goggo ta zabura. "Innalillahi! Ɗan nan, wuta! Kujerar nan zafi take yi!"

"Ni na kunna, Goggo. Na ji kina cewa bayanki. Tana ɗumama baya ne, in ba kya so in kashe."

Ta tsaya tana saurare da jikinta. Ta ɗan motsa, ta ƙara lafewa. "Bar shi tukuna," ta ce. Jim kaɗan ta sake cewa, "Akwai na gwiwa?"

Wata tirela ta tare mana gaba tana ta tuttula hayaƙi, Dogo yana biye da ita cikin ladabi. Goggo ta dube shi ta gefen ido. "Wai duk kurin da motar nan ke yi a ƙofar gida, iyakarta ke nan?" Ya kalle ni ta madubi, na zaro masa ido. Ya leƙa, ya ga titi fayau, ya sauke giya ya taka. Bayana ya manne da kujera, darduma ta daki gilashi, tirelar nan kafin in ƙifta ta koma 'yar ƙarama a bayanmu. Goggo ta riƙe bel da hannu biyu tana dariya irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba, har ɗankwalinta ya zame. "Ja'iri!" ta ce. "To ya isa, kada ka kai ni lahira ban sallami kowa ba."

A gidan mai ya tsaya, ya fita, sai na ga ya daɗe kafin ya miƙe sosai, hannu a ƙugu. Ni ba damar fita sai an fitar da Goggo, Goggo kuma ta ce ba mai sake zura ta rijiya. Wayata ta yi ƙara, shi ne, yana tsaye jikin famfon mai taku biyu da ni.

"Kina raye?"

"Daga ƙugu zuwa sama."

"Kin yi kyau yau. Ban samu damar faɗa miki ba, Yaya na wurin."

"Ba ka ma gan ni ba, darduma ka gani."

Saƙon Mama ya faɗo a kai. "Kun kai ina? Gudu yake yi ko?" Na rubuta mata, "A hankali muke tafiya, Goggo ce ma ke cewa ya ƙara." Ta turo, "Ƙarya kike yi wa Goggonki."

Da muka koma hanya ɗumin kujera ya yi aikinsa, kan Goggo ya langaɓe jikin gilashi, numfashinta ya daidaita. Na daɗe ina kallon ƙeyarsa, kansa kusan yana gogar rufin motar. Akwai abin da ke cina tun jiya, na ga in ban faɗa yanzu ba ba zan faɗa ba.

"Dogo," na ce a hankali. "Ka san in suka ɗauke ni, can zan zauna ko?"

"Na sani."

"To me ya sa ka kawo ni? Da ka ce motar ba ta da lafiya, ba wanda zai ga laifinka."

Ya amsa idonsa a titi. "Ranar da kike ba ni labarin injinan asibitin nan, na kalli fuskarki. Ni ba ki taɓa kallona haka ba, Auta. Na yi kishi, wallahi, na koma gida ina jin haushin inji. Amma in na hana ki zuwa, duk ranar da kika kalle ni abin da za ki tuna ke nan. Gara in sha hanya."

Na ɓoye fuskata a jikin filon Goggo mai warin man zafi.

"Ka kalli titi, ɗan nan," in ji Goggo, idonta a rufe.

Na so ƙasa ta tsage in shige, sai dai dama a ƙasan nake.

Daɗin ya ƙare ne daidai inda sabuwar kwalta ta ƙare. Ramuka, jama'a, wani na bin wani. Motar da ɗazu take tafiya kamar a kan katifa yanzu kowane dutse sai ta kai rahotonsa ga ƙashin bayana. Dogo yana kewaya ramuka kamar mai ɗinki, tsofaffin motocin haya da muka wuce ɗazu suna wuce mu ɗaya bayan ɗaya, wani direba har da ɗago mana hannu. Na duba agogon waya. Rana ta take tsaka, mu kuwa muna rarrafe.

Sai muka shiga wani ƙaramin gari da suka yi tudun nan na rage gudu, nasu kuwa kamar katanga. Dogo ya tsaya, ya fita ya duba, ya dawo yana sosa kai. "Goggo, da za ku ɗan sauka, motar za ta ɗaga kaɗan."

"Ni kake ce wa nauyi?"

"A'a, Goggo, wane ni."

"To ja mu je."

Ya karkata motar, ya hau da taya ɗaya, ya ɗora ta biyu, yana tafiya kamar mai tsallake jariri. Ƙiiiiir! Cikin motar ya gurza ƙasa. Dogo ya runtse ido kamar fatarsa ake yagewa. Masu shaguna suka fito kallo, wani yana nuna masa ta ina zai bi. A daidai wannan lokacin Goggo ta ga ya dace ta sha shayi. Tayar baya ta sauka daga tudun, motar ta yi tsalle, murfin fulas ya tashi. Shayi mai madara ya wanke cinyarta, ya malale kan farar fatar kujera, sauran ya fallatso baya ya sami gaban rigata ruwan madara.

Na san yadda yake ji da kujerun nan. Na ƙura masa ido ina jira. Ya taka birki, ya fizgo hankicinsa, ya zagayo da gudu duk da bayan nasa, ya buɗe ƙofarta ya durƙusa a cikin ƙura.

"Goggo, kin ƙone? Ina ya taɓa? Bari in samo ruwan sanyi."

"Ya huce tun ɗazu. Kujerarka fa?"

"A bar kujera. Auta, ke fa?"

Sai da ya tabbatar ba wanda ya ƙone sannan idonsa ya sauka kan kujerar, na ga gefen bakinsa ya ɗan motsa, ya haɗiye abinsa. Ni kuwa na kalli rigata, hawaye ya kawo. Taswira guda ce a ƙirjina. Goggo ta miƙo hannu baya ta zuge jakar tsarabar da ke cinyata, ta zaro wani sabon mayafi babba ruwan ganye, ko ninkinsa ba a warware ba. "Na 'yata ne, ta yi haƙuri. Yafa ki rufe. Ba riga za su ɗauka aiki ba."

Allah ya taimake mu, bayan garin hanya ta gyaru, motar ta tuna ko ita wace ce. Mun isa ƙofar asibitin da ɗan sauran lokaci. Masu gadi biyu suka taimaka aka ciro Goggo. Aka kwantar da kujera, aka janye darduma, na zuro ƙafa waje, ƙafa ta ce ba ta san ni ba. Na dafe motar ina cije baki, Goggo kuma ta karɓi wayata ta ce wa mai gadi ya ɗauke ni hoto don Mama ta ga mun iso lafiya. Hoton da kuke ta yabo ke nan.

Da ɗingishi na shiga. Mutum uku ne a ɗakin, shugabar sashen a tsakiya, wata mata mai furfura da ba ta murmushi. Suka yi tambayoyinsu, suka kai ni gaban injin da nake gani a hoto kawai, suka kawo wani dattijo suka ce in gwada shi. Da na sa ido a injin kuwa sai na manta da rigar, na manta da ƙafar. Da na gama shugabar ta kalli sauran, ta kalle ni. "Za ki iya farawa farkon wata?"

Ban san yadda na sauko daga benen ba. Na tarar da Goggo a kan benci ƙarƙashin bishiya, Dogo kuwa ya kifa ƙirjinsa a kan rufin motar, ya kasa miƙewa ya kasa zama.

"Me ya same ka?"

"Ba komai. Bayan ne ya ɗan riƙe. Yaya aka yi?"

"Sun ɗauke ni."

Ya ɗago da sauri, ya ce wash, ya koma. Yana dariya yana riƙe ƙugu, idonsa ya yi ja, ban san ko na ciwo ba ne ko na wani abu. "Alhamdulillahi. Ke nan wannan hanyar zan riƙa sha duk ƙarshen mako."

"A wannan motar?"

"Ko a rarrafe."

Goggo ta miƙo hannu. "Kira min uwarki, ki sa yadda kowa zai ji." Mama ta ɗauka tun kafin ta gama ƙara. Na faɗa mata, ta yi kabbara, na ji tana ƙwala wa Baba kira. Goggo ta karɓe wayar.

"Saurara in faɗa miki abin da na gani. Motar nan ba ta tafiya ba ce, ta hoto ce. Ta karya min 'ya, ta karya mai ita, ni kaɗai na ji daɗinta."

"Ai dama na faɗa miki, na ce..."

"Ban gama ba. Motar na ce. Yaron kuwa, ki gaya wa ƙanena na gani, kuma ya yi min."

Har na ɗauka layin ya yanke. Can Mama ta ce, cikin wata murya da ban san ta da ita ba, "Yana kusa? A cire sifika a ba shi."

Dogo ya goge hannunsa a riga ya karɓa da hannu biyu, ya yi ƙoƙarin rusunawa bayan ya hana. "Na'am, Mama." Ya saurara. Dariyar fuskarsa ta ɗauke. Ya kalle ni, ya kalli motar, ya sake kallona. "To, Mama... Eh, na ji... A'a, ba zan faɗa mata ba... In sha Allahu ranar da muka dawo."

Ya miƙo min wayar, an riga an kashe.

"Me ta ce?"

"Ki taimaka ki ɗauko dardumar Goggo."

"Dogo! Me Mama ta ce maka?"

Ya rufe baki da hannu, amma wannan karon ba dariya yake ɓoyewa ba. Na juya wurin Goggo, ta kawar da kai tana gyara ɗaurin ɗankwali kamar ba ta wurin. Sai wayar ta yi ƙara a hannuna, saƙon Yaya ne: "Auta, me kuka yi wa Mama? Ta shiga ɗakin Baba ta rufo ƙofa, kuma ta ce in je in kira mata uwar Akanta yanzu-yanzu, wai haƙuri za ta ba ta."